Tukwane Takwas na Gwaggo

Matan da suka zo gaisuwar rasuwar Gwaggo ba a bakin zaure suka fara kuka ba, kamar yadda aka saba. Sai sun shigo tsakar gida, sun yi sallama, idonsu ya sauka a gindin katangar gabas, sannan ka ji murya ta karye. Ni ne ɗan gida, ni ke shiga da fita ɗauko tabarmi da ruwan sha, saboda haka da idona na gani. Wata tsohuwa daga unguwar maƙera ta tsaya cak bisa sandarta, ta daɗe tana kallon ƙasa, sannan ta ce, "Har su ma?" Wata ta dafe ƙirji ta yi salati. Matar malamin firamare, Kirista ce mutuniyar Filato da ta fi shekara ashirin a Roni, ita durƙusawa ta yi a wurin tana shafa ƙasar da tafin hannu, ta yi ta kuka har sai da aka ɗaga ta.

Babu komai a wurin sai zagaye takwas a jere, inda ƙasa ta yi duhu saboda danshin shekara da shekaru, kowane zagaye da duwatsu uku a girke. Nan tukwanen shuke-shuken Gwaggo suke zama tun kafin in yi wayo.

"Wa ya yi wannan aikin?" in ji tsohuwar.

Ni na yi shi. Kuma shi ya sa nake wannan rubutu, don na ga in ban rubuta ba, abin da ya rage na Gwaggo ma zai bi ta hannuna ya zube.

Gwaggo yayar mahaifina ce. Ta haifi 'ya'ya shida, ta binne shida, babu wanda ya kai munzalin aike. Mijinta ya bi su tun ban san kaina ba. Ni kuwa mahaifiyata ta rasu ina kan nono, Gwaggo ta ɗauke ni ta goya, ta yaye ni da kunun gyaɗa. Ban san kamannin uwata ba. Ba hoto, ba kabarin da wani zai nuna ya ce ga shi nan, danginta kuma can suke ƙetaren iyaka bayan Babura, zumunci ya yanke tun ranar da aka rufe ta. Mahaifina har ya koma ga Allah bai taɓa ambatarta a gabana ba, irin kunyar mutanen da. In akwai mai labarinta a duniya, to Gwaggo ce.

Ta cika ranar wata Talata da hantsi, a tsakiyar bazara. Daga ofis aka kira ni a Kazaure, na hau babur ko hula ban tsaya ɗauka ba. Kafin in iso an yi mata wanka, an kai ta sashen Baffa, ƙaninta, mata duk sun taru a can. Ana shirin fita da ita sai masu haƙar kabari suka aiko cewa tukwanen maƙabarta sun ƙare, jiya an rufe mutum biyu, itacen da ke nan kuma ba zai kai ba. Baffa ya ce a tura babur wurin masu ginin tukwane. Ni kuwa, da Gwaggo take kira Sarkin Gaggawa tun ina yaro, na duba rana, na duba agogo, na ce, "Baffa, a bar gawa tana jira cikin wannan zafi, alhali ga gida cike da tukwane?"

Baffa ya buɗe baki kamar zai yi magana, ya dubi mutanen da suka jeru a rana, ya ce, "To."

Mu huɗu muka kwashe su ta ƙofar baya. Ni na kife ta farko da hannuna a bayan katanga. Ƙasar ta fito a dunƙule da siffar tukunyar, fararen saiwoyi sun nannaɗe ta kamar ƙullin zare, ƙamshin ɗoɗɗoya ya tashi. Wallahi ban ji komai a raina ba, illa ma daɗin cewa na warware wa jama'a matsala. A maƙabarta aka tsattsaga su biyu-biyu da gatari. Ina miƙa wa na cikin rami ɓari-ɓari yana kifawa a kanta, na lura da siraran saiwoyi a manne a cikin kowane ɓari. Aka lilliƙe da kwaɓaɓɓiyar ƙasa, aka tura, muka yi addu'a muka juyo, har wani dattijo ya dafa kafaɗata ya ce Allah ya yi mini albarka.

Da la'asar, bayan matan nan sun yi ta tambaya ba amsa, matar Baffa, wadda muke kira Inna, ta ja ni bayan rumbu.

"Kai ne ko?"

"Ni ne, Inna. Gaggawa ce ta sa. Zan kawo wasu tukwanen."

"Wasu! Ka san ko su wane ne ka zubar a bayan gida?"

Yadda ta yi tambayar ya ba ni tsoro.

"Shida 'ya'yanta ne. Duk wanda ta binne, in an yi sadakar uku sai ta nemi tukunya ta dasa masa wani abu. Ɗaya mijinta ne." Ta goge ido da bakin mayafi. "Uwarka kuma da aka kawo ta gidan nan, da wata fulawa ta zo a ƙoƙo daga garinsu. Da ta rasu, Yaya ta ɗauke ku tare, kai da fulawar. Ƙirga ka gani. Takwas."

"Inna, wacce ce a ciki?"

"Ni ina na sani? Ni ganye in ba a miya da shi ban san shi ba. Kuma ka san Yaya, ba faɗa take ba. Ni ma sau ɗaya na ji, tun ina amarya, tana gaya wa Dada."

Dada aminiyar Gwaggo ce, Bafulatana daga wata ruga a hanyar Gwiwa. Inna ta ce sun bi shanu kudu ita da 'ya'yanta tun kaka, ba za su dawo ba sai ruwa ya sauka.

Ban tsaya jin sauran ba, na zagaya bayan katanga a guje. Awakin unguwa sun riga ni. Abin da na tarar tulin ƙasa ne da kututtura, ganye duk an zage, rana ta wuni tana dukan saiwoyi. Shukar zabuwa kaɗai suka ƙyale saboda ɗacin ganyenta. Na durƙusa da babbar rigata ina tono da yatsu, ina ware ɗaya daga ɗaya, har na haɗa takwas. A cikinsu akwai abu ɗaya tak da uwata ta taɓa da hannunta kuma yake da sauran rai, ni kuwa ban san wanne ba. Na ƙudurta a raina cewa sai na riƙe su duka da rai har Dada ta dawo ta nuna mini.

Washegari da safe na tarar da tukwane a bakin zaure, har goma sha ɗaya, duk masu tsaga. Matan unguwa ne suka aiko, babu wadda ta ce mini uffan. Sun san Gwaggo ba ta dasa abu a sabuwar tukunya. Duk wadda tulunta ya fara ɗiga ko randarta ta tsage, gidanmu take aikowa da ita. In aka yi mata tsiya aka ce ta mai da gida jujin kasko, sai ta ce, "Ku bar ta, ai ba mutuwa ta yi ba, ruwa ne ta gaji da riƙewa. Zan ba ta aikin da ya fi sauƙi." Ban da takwas ɗin nan na gindin katanga, tana da wasu shuke-shuken birjik a gwangwanayen madara, da tsofaffin butoci, da jarkar da aka yanke, har da tayar babur, wasu a rataye a jikin rumfa suna zubo da yaɗo har su taɓa kan mai wucewa. Waɗannan ba na kowa ba ne, na sha'awa ne da na kyauta. Da su na ɗiba a ranar jana'izar, da babu wanda zai yi kuka, sai dai gwangwani ba ya rufe kabari.

Shekara ashirin na yi a gidan nan ina ganin Gwaggo tana wannan aiki, ban taɓa tsayawa in koya ba. Amma da na tsuguna gaban tukunyar farko sai na tarar idona ya riƙe abin da kaina bai riƙe ba. Ana huda gindin, a kifa ɗan ɓarin kasko a kan hudar don ruwa ya fita ƙasa ta zauna. Ana haɗa rairayin rafi da ƙasar gindin bishiya da kashin awaki, amma wanda ya shekara, don ɗanye ƙona saiwa yake yi. Ana barbaɗa toka. Sannan a girka tukunyar a kan duwatsu uku kamar za a dafa tuwo, don kada gara ta hau ta gindi. Har muryarta nake ji tana cewa, "Kada ka danna da ƙarfi, ɗan nan, ba daɓe kake yi ba."

Na dasa su duka takwas, na jera su a kan duwatsunsu na da. Sai wani abu ya tsaya mini a rai: ban san jerin ba. Watakila na ajiye ɗan fari a gurbin auta, na ajiye uwata a gurbin mijin Gwaggo. Na sake jera su, na kuma sakewa, kamar sakewar za ta sa in dace.

Kowa a Roni ya san yadda ruwa yake a bazara. Rijiyoyi su ja baya, guga ya dawo da rabin laka, layin famfo ya kai har bakin hanya. A haka Gwaggo ta riƙe tukwanen nan shekara fiye da arba'in ba ta bar ɗaya ta bushe ba. Ba ta taɓa yin alwala a ƙasa ba, sai a kan tasa, sau biyar a rana, ta tara ta rarraba musu. Ruwan tsari ma rabawa take tsakaninsu da akuyarta, akuyar na kallonta da harara. Ruwan sabulu ne kawai ba ta yarda ya kusance su ba. In baƙo ya nemi buta, da tasa ake haɗa masa, kowane ne. Na tuna ranar da limamin unguwa ya zo duba ta tana zazzaɓi, lokacin azahar ya yi, ta ɗaga murya daga kan gado ta ce, "Allah gafarta Malam, a kan tasa dai!" Liman ya yi dariya ya tsuguna a kan tasa.

Kowace safiya, bayan ta idar da lazimi, sai ta bi su daga arewa zuwa kudu, ta taɓa bakin kowace tukunya, leɓenta na motsi. Ina yaro na ɗauka ragowar tasbihi ce. Uwar da kunya ta hana ta kiran sunan ɗan farinta a gaban mutane, ashe nan take kira.

Wannan ɗabi'a ce ta haɗa ta da Baffa rigimar da aka daɗe ana labarinta. Shekarar da ya dawo daga Kano da sabon karatu da gemu, ya shigo da zafinsa ya ce gari ya ɗauka Yaya na kiwon gadali, an ce har magana take yi da shi da safe, to shi ba zai zauna gida ɗaya da shirka ba. Ina nan a wurin, ina aji uku na sakandare. Gwaggo tana tsintar wake, ba ta ko ɗaga kai ba. Da ya gama ta miƙa masa wuƙar yanka kuɓewa.

"Ungo, tona. In ka samu gadali, ka haɗa da ni ka ƙona."

Baffa ya tsaya da wuƙa a hannu.

"Tona mana, Malam. Amma ka fara da waccan ta uku, don daga ita nake tsinko na'ana'ar da kake sha a shayi tun kana da wando ɗaya. In tsafi ne, to ya daɗe da gama da kai."

Inna ta tuntsire da dariya daga madafa. Baffa ya ajiye wuƙar ya fita, ya yi wata guda ba ya shiga sashenta. Ita kuwa kullum da safe sai ta aika masa da na'ana'arsa a ƙoƙo, ko sau ɗaya ba ta fasa ba, har ya gaji ya dawo da kansa ya durƙusa ya gaishe ta. Amma ba ta gaya masa ko su mene ne ba. Ya gaya mini haka a zaure, kwana biyar da rasuwarta, hawaye na bin gemunsa. Ya ce, "Na san dai tana son su. Wannan kaɗai ya isa in hana ka, ban hana ba."

Na koma aiki bayan sadakar bakwai, amma kullum in an tashi daga ofis sai in ɗaura jarka biyu a babur in kama hanyar Roni. Abokan aiki suka sa mini suna mai lambu. Maiɗakina ta ce ko ita da yara ba su samu irin wannan kulawa ba, kuma gaskiya ta faɗa. Duk da haka suka fara mutuwa. Garahuni ne ya fara tafiya, ya yi baƙi tun daga gindi. Tazargade ta bi. Duk wadda na tarar ta bushe sai gabana ya faɗi, in ce shi ke nan, ita ce, na kashe ta. Sai in kasa zubar da ƙasar, in ci gaba da ba busasshen kututture ruwa.

Matar malamin firamare ce ta ceci sauran. Ta zo wata ranar Asabar ta same ni ina kwarara musu ruwa da tsakar rana, ta riƙe baki.

"Malam, so kake ka dafa su? Ba ruwa suke nema ba, inuwa suke nema."

Ta sa na kafa sanduna, muka rufa tsohuwar tabarma. Ta datse duk reshen da ya mutu har sai ta ga kore a ciki. Tana yi tana ba ni labari. Ta ce shekarar da aka kawo mijinta garin nan, ba ta san kowa ba, Hausa ma da ƙyar take ji, ta haihu ɗan bai zo da rai ba. Mutane suka zo suka yi mata gaisuwa daga bakin ƙofa suka tafi. Rana ta uku sai ga wata mata da ba ta taɓa gani ba ta shigo har ɗaka, da kwanon kunu a hannu ɗaya, tsagaggiyar tukunya a ɗaya. Ta zaunar da ita ta sha kunun, sannan ta ja ta waje, ta kama hannunta ta sa a cikin ƙasa, suka dasa reshe tare. Ta ce mata, "Ki riƙa ba shi ruwa da safe. Hannu in ya saba zai ba wani abu ruwa, dole a samar masa abin da zai ba."

"Yana nan a gidana har yau," in ji ta. "Ya rufe mini katanga. Mama, Gwaggonka, ba ta taɓa tambayata wace addu'a nake yi a kansa ba."

Na tambaye ta ko ta san ta uwata. Ta girgiza kai. Ta ce ta san dai mutane ne, shi ya sa ta yi kuka.

Ban ce na ga wani abu a gidan nan ba, kada a ƙara mini. Amma ranakun hutu, in na kwana a ɗakin Gwaggo na idar da sallar asuba, gari ya fara haske, sai in ji kamar ana tsiyayar ruwa daga buta a gindin katanga, a hankali, a tsaya, a matsa gaba, a sake. In ƙirga har takwas. In na fito babu kowa sai kaji. Ƙamshin ɗoɗɗoyar nan kuma ya ƙi barin hannuna. Ina tsakiyar rubutu a ofis sai in ji shi, in tashi in wanke da sabulu, in dawo in ji shi. In na wuce maƙabarta a babur ba na iya juya kai, don abin da nake gani shi ne cikin tukwanen nan a kife a kan fuskarta, da saiwoyin da na yanke suna lilo.

Huɗu suka rayu. Zabuwa, da na'ana'a, da idon zakara wanda ya fito da sabon toho ya fara neman abin da zai kama, da wata mai ƙananan ganye masu kauri da ban san sunanta ba. Ita ce ta fi shan wuya, reshe ɗaya tak ya rage mata kamar tsinken sakace. Cikin sati na huɗu ta miƙe, ta zubo ta bakin tukunya. Ba ni da wani dalili, amma zuciyata ta kama ta. Na ce baƙuwar fulawa daga wani gari ai dole ita ce wadda ba ta da suna a wurinmu. Na fi ba ta ruwa, na fi ba ta inuwa. Rannan na kama kaina ina ce mata, "An wuni lafiya?" Ni da nake da furfura a haɓa.

Ruwan fari ya sauka saura kwana biyu a yi sadakar arba'in. Ranar sadakar, bayan malamai sun shafa fatiha an raba waina, sai ga Dada ta shigo da ƙwaryar nono a ka, ta rame, idanunta sun yi fari-fari. A hanya ta ji labari. Ba ta yi kuka ba. Ta sauke ƙwarya, ta gaisa da Inna, ta ce a kai ta gindin katanga. Na kama hannunta na kai ta, na durƙusa na gaya mata duk abin da na yi, ban rage komai ba.

Ta ce, "Da su aka rufe ta?"

"Da su, Dada."

"Duka?"

"Duka takwas."

"To mene ne abin kuka a nan, yarona? Shekara nawa tana rufa musu asiri, yau sun rufa mata. Da za a tambaye ta, da su za ta zaɓa."

Ban san irin nauyin da nake ɗauke da shi ba sai da na ji ya sauka. Na sunkuyar da kai na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza. Ta bar ni na gama, sannan ta tsuguna ta fara bin tukwanen da hannu, don idon ba ya gani sosai. Ta murza ganye ta sansana, in busasshe ne ta ɓalli kara ta ɗanɗana. Ta ce wannan ɗan fari ne, ya tafi. Wannan ta biyu ce, mai ƙyanda. Na'ana'a maigidan ne. Zabuwa yaron da ya faɗa rijiya. Idon zakara auta. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya har bakwai, ina ƙirgawa da yatsu, ba ta ambaci uwata ba. Saura ɗaya, mai ƙananan ganyen nan. Zuciyata ta yi ta bugawa don murna.

Dada ta shafa yaɗon har ƙarshensa, ta yi murmushi.

"Wannan tata ce. Ta daɗe da dasa wa kanta. Ta ce ba ta da wanda zai yi mata, gara ta rage wa mutane aiki."

Na ce, "Dada, to ta uwata fa?"

Ta juyo da fararen idanunta wajena. "Ta uwarka ai tana gidanka."

"Gidana?"

"Ranar da za ka tare a Kazaure da iyalinka. Ina nan zaune, nan wurin. Ta juye ta daga tukunya ta sa a gwangwanin madara don ka iya ɗauka. Na ce ta rage reshe ɗaya saboda halin rayuwa, ta ƙi, ta ce ɗanta ya yi gida, ta je ta zauna gidan ɗanta gaba ɗayanta. A tukunyar da ta tashi ne ta dasa wannan. Yaya take? Ta cika maka gida ko?"

Na tuna gwangwanin. Na tuna shi sarai, har tsatsar bakinsa. Gwaggo ta biyo ni da shi har zaure, ta ce, "Riƙe wannan da kyau. Ranar da ta yi fure ka zo ka gaya mini, akwai labarin da zan ba ka." Na karɓa na ce to. Ina sanye da sabuwar farar shadda, gindin gwangwanin na ɗigar da jan ruwa. A tasha, da mota ta cika, na tura shi ƙarƙashin benci da ƙafa, na shiga na zauna. Gwaggo ai kullum cikin ba mutane gwangwani take, na ce in na dawo na karɓi wani.

Na so in ce wa Dada tana nan lafiya, har maganar ta zo bakina. Na haɗiye ta, na gaya mata gaskiya.

Ta janye hannunta daga nawa, ba da fushi ba, ta ɗora a gwiwa. "Ba ta tambaye ka ba?"

"Tana tambaya. Duk zuwan da na yi."

"Ka ce me?"

"In ce tukuna." "Dada, ke ba ki san labarin ba? Ko kaɗan?"

"Sau biyu na ga uwarka. Doguwa ce. Iyakar abin da na sani ke nan, sauran yana wurin mai shi." Sannan ta ce a hankali, kamar da kanta take magana, "Tukuna. Irin wannan fulawar da ko a kan dutse ka jefa ta ba ta wata guda ba ta yi fure ba. Gwaggonka kuwa ta fi kowa sani."

Ya Allah, ka yalwata wa Gwaggo makwancinta, ka shayar da ita kamar yadda ta shayar da abin da ba ya iya roƙo, ka haɗa ta da shidan nan da ta yi ta kira a ɓoye, da mahaifiyata da duk musulmin da suka riga mu. Ni ma a sa ni a addu'a. Shekara goma sha huɗu matar nan ta yi tana buɗe mini ƙofa in faɗi gaskiya, labarin uwata na bakinta, ni kuwa ina tsaye da makullin babur a hannu ina ce mata tukuna.